Ranar da Yaya Ta Fito Falo

Kafin in ci gaba, bari in amsa wa wata baiwar Allah da ta rubuto a ƙasan labarin nan cewa mace mai hankali ba ta wasa da mijin da ya zo har gida da ƙafarsa. Na gode da nasiha, 'yar'uwa. Ki karanta na yau har ƙarshe, sannan ki gaya mini wa ke wasa da wa. Ku kuma da kuka shigo yanzu, ga inda muke.

Ni ce auta a gidanmu. Ina aiki a sashen bincike na hukumar jin daɗin jama'a, kuma aikina hira ne. Ina shiga gidajen mutane da ƙaramar rikoda, in zauna inda aka nuna mini, in yi tambaya, in rufe bakina. Wanda ke nemana da aure yana hawa na sama a gini ɗaya da ni, a sashen ƙididdiga. Yayata ta laƙaba masa Malam Kashi-Cikin-Ɗari tun ba ta ga fuskarsa ba, domin ko cewa ka yi yau ana zafi sai ya gaya maka da kashi nawa ya fi na jiya. Sunan ya zauna masa. Ni ma haka na ajiye shi a wayata.

Shi kuwa bai san akwai Yaya a duniya ba. Ku riƙe wannan.

Hukumarmu ta sayi motoci masu ƙofa mai sauka har ƙasa, don ɗaukar masu keken guragu da makafi da sauransu, a kai su cibiyar koyon sana'a da safe, a dawo da su da yamma. Motocin ba za su isa kowace unguwa ba, sai aka ce a ƙirga, unguwar da ta fi mabuƙata ita za ta samu. Sashen Malam ya baza ma'aikata ƙofa-ƙofa. Da lissafi ya fito, unguwarmu mutum tara gare ta. Tara! Nan take aka zare sunanmu. Ni kuma aka tura ni in jiyo ra'ayin jama'a, abin da a ofis ake ɗauka kamar fure ne da ake maƙalawa a bayan rahoto.

Abu biyu shugabarmu ta koya mini da na fara aiki, kuma su ne sana'ar gaba ɗaya. Na farko alƙawari. Kafin in danna rikoda sai na ce wa mutum: ba dole ba ne, kana iya tsayar da ni duk lokacin da ka so, ba zan faɗi sunanka ba, ba zan kwatanta gidanka ba. Na biyu jira. In ka yi tambaya mutum ya yi shiru, kada ka cika masa shirun, kada ka ƙarasa masa magana. Amsar farko ta sallamar baƙo ce. Ta gaskiya tana bayan shirun.

Zan ba ku misali, na kuma sauya duk abin da zai sa a gane masu maganar. Wata uwa ta fara da cewa lafiya lau suke. Na jira. Ta gyara ɗankwali, ta dubi ƙofa, ta sake dubana. Sannan ta ce, "Mutumin ya tsaya a bakin ƙofa da takardarsa, maƙwabta na zaune a waje, ya ɗaga murya ya ce akwai nakasasshe a gidan nan? Ina da 'yan mata uku da ba su yi aure ba. Ke me za ki ce masa?" Wani dattijo ya ɗauka in ya amsa za a zo a ɗauke masa jika. Wata kuma mijinta ne ya amsa daga ƙofa ya ce babu, alhali tana ciki tana yi wa ɗansu wanka, ɗa mai gemu.

Na rubuta duk wannan na miƙa. Kwamitin rabon motoci na dab da zama sai ga Malam Kashi-Cikin-Ɗari ya sauko teburina, cikin farar riga mai dogon hannu da guga ya yi mata kaifi, birruka a jere a aljihu kamar sojoji.

"Auta," ya ce, don shi ma ya kama sunan gida, "na karanta tatsuniyoyinki."

"Sannu da ƙoƙari. Ka gane, ko in mayar maka da su kashi cikin ɗari?"

Ya yi dariya ya ja kujera. Yana da dariya mai kyau, ba zan ɓoye muku ba.

"Kin ce gidaje da yawa sun ɓoye. Da yawa nawa ne? Da yawa ba lamba ba ce."

"Tara ma ba gaskiya ba ce."

"To ba ni sunayen gidajen. In tura a duba, in gyara lissafi, a ba ku motarku. Kin ga sauƙi?"

"Na yi musu alƙawari."

"Alƙawarin da zai hana su mota?"

"In na karya shi, ba wanda zai sake buɗe mini baki a unguwar nan. Ku kun riga kun sha a'a a bakin ƙofa. So kake ni ma in koma irinku?"

Ya daina dariya. "Ki saurare ni. Motar nan ta jama'a ce. In na sa aka ba unguwarku bisa maganar da ba zan iya dubawa ba, na ƙwace ta ne daga wata unguwar da ta faɗi gaskiya. Gobe kowa sai ya zo da tasa rikodar."

Ku ji ni da kyau, masu karatu: a nan yana da gaskiya. Ba azzalumi ba ne. Lissafi abu ne mai kyau, ba a rabon adalci sai da shi. Amma lissafi yana ƙirga wanda ya fito ne. Wanda aka ɓoye, sai ka zauna ka ji dalilin ɓoyon kafin ka san ta inda za ka nemo shi.

Ya miƙe yana gyara agogo. "Nuna mini gida ɗaya. Ɗaya tak da muka ƙirga ba daidai ba, in gani da idona. Ni da kaina zan tsaya gaban kwamiti in ce lissafina ya karye." Ya kai ƙofa ya juyo. "Ina nan zuwa ranar hutu. Ki ce wa Mama ta ajiye mini biskit ɗin nan mai madara."

Gida ɗaya. Ina da shi. A cikinsa nake kwana.

Yaya ce babba a cikinmu uku. Naƙuda ta yi wa Mama tsawo wajen haihuwarta, sai ƙafafunta ba su ɗauke ta ba, hannu ɗaya ya ƙage, harshenta ya yi nauyi. Kwanyarta kuwa ta fi tawa da ta Malam in an haɗa. Da yatsa ɗaya take rubutu a waya, kuma ta fi ni sauri. Ita ke gyara wa Mama rediyo, ita ke tuna mata magani. Burinta ɗaya ne, ta koyi aikin kwamfuta a cibiyar nan, ta daina jin labarin duniya daga bakina.

Falonmu ya fi sauran gidan ƙasa da matakala ɗaya. Marigayi Baba ya yanko wani faffaɗan katako, ya goge shi sumul, ake jinginawa a matakalar don keken Yaya ya sauka. Ba a taɓa kulle Yaya da makulli ba, kada wani ya ce na faɗa. Katakon kawai ake ɗaukewa. In baƙon da ake jin kunya zai zo, sai a tura shi bayan kabad, a ja darduma a rufe sawun taya, a saki labule. Shi ke nan. Gida ya zama na Mama da auta.

Ku da kuka fara wasa harshe don zagin Mama, ku dakata. 'Yar'uwata ta tsakiya ta taɓa samun manemi, magana ta yi nisa ƙwarai. Rannan 'yan'uwansa mata suka zo suka ga Yaya a falo. Suka gaishe ta da murmushi, suka sha lemo, suka tafi suka ce abin yana bin jini. Ba su sake dawowa ba. Ta tsakiya ta yi ta kuka har ta rame, daga baya ta yi aure a nesa. Tun ranar Mama ta fara ɗauke katako. Ba ƙiyayya ta koya mata ba, mutane ne. Duk wanda ya taɓa janye ɗansa daga gidan mutunci don ya ga keke a falo, shi ya ɗauke katakon nan da hannunsa, ko ya sani ko bai sani ba. In kina cikinsu kina karanta ni, da ke nake.

Ranar hutun, tun da hantsi Mama ta fara kai-kawo. Ta sa na goge teburin gilashi har sau biyu, ta fito da kofunan da ba a taɓawa, ta ciro mini doguwar rigata ruwan zuma da mayafinta ta shimfiɗa a gado. Sannan ta sunkuya ta kama katakon.

"Mama, ki bar shi yau."

Ba ta ko ɗago ba. "Kama mini can gefen."

Na gaya mata komai. Motar, da taran, da gida ɗayan da ya nema. Ta saki katakon ta miƙe tana riƙe da ƙugu.

"Wato gidana za ki mayar ofis."

"Gidanki yana cikin lissafin, Mama. An zo nan ma."

"An zo, na kuma ce babu, kuma in an dawo gobe babu zan ce! Ke kin san abin da na gani? Kin ga 'yar'uwarki tana kuka a banɗaki don kada in ji? Mutumin nan manyansa na shirin zuwa. Ki bari a ɗaura, in ya so ki nuna masa har kabarin ubanki."

"In aka ɗaura an riga an raba motocin."

"Mota! A kan mota za ki zubar da aure?"

"A kan Yaya."

"Kada ki koya mini son 'yata." Muryarta ta yi ƙasa, kuma ta fi ban tsoro a haka. "Ni na goya ta har ta fi ƙarfin bayana. Ke kina ina? Kama katakon nan."

Na kama. Muka tura shi bayan kabad. Ta ja darduma, ta saki labule.

Na wuce ɗakin Yaya. Ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta. Gado, tebur mai rediyo da caja, madubi da aka rataye ƙasa-ƙasa daidai tsayin keke. Tana zaune tana latsa waya. Duk zuwan Malam daga nan take bin hirarmu, tana turo mini saƙo ina falo: "Ya sake cewa a ƙididdigance." Ko kuwa: "Ki ce wa surukina ya rage mini biskit." Sau nawa na ƙware da shayi saboda ita.

Zan rubuta maganar Yaya a miƙe, amma ku sani kowace kalma sai ta yi kokawa da ita kafin ta fito.

"Na ji ku," ta ce. "Bangon nan ba shi da sirri."

Na durƙusa gaban kekenta. Bakina da kansa ya ɗauko abin da ya saba. "Yaya, ba dole ba ne. Kina iya cewa a'a, ba abin da zai sauya tsakanina da ke. Sai dai wannan karon ba zan iya ɓoye suna ba, ba zan iya ɓoye gida ba."

Ta yi dariyarta mai girgiza kafaɗa. "Ina rikodar?"

"Yaya, da gaske nake."

"Ni ma." Ta ajiye wayar a cinya. "Ba zan fito don rahotonki ba. Ni ba hujja ba ce. In na fito, don falon na ubana ne. Kuma ina son motar." Ta numfasa. "Ke fa? Ba dole ba ne. Kina iya cewa a'a."

"Ni? Ni ba na tsoron komai."

Ta zuba mini ido kawai. Rediyon maƙwabta na ta surutu ta bango, Mama na ƙarar kofuna a kicin, Yaya na jira. Da makamina ta kama ni.

"Ina sonsa, Yaya," na ce. "Ina tsoro ƙwarai."

"Yanzu kika yi magana."

"Amma ba zan shiga gidan mutum da ƙarya a bakin ƙofa ba. In ba zai iya zama a falo ɗaya da ke ba, gara in sani yau."

Ta dubi madubi ta karkata kai. "To. Miƙo mini mayafinki ruwan zuma. Ke ki sa baƙin."

"Mama ta ce…"

"Yau ni ake zuwa gani."

Da la'asar sakaliya saƙonsa ya shigo: "Ina ƙofa. Akwai yiwuwar kashi casa'in ina jin yunwa." Na amsa: "Shigo, akwai abin da ya fi biskit." Ya shigo da ƙamshin turarensa da ledar lemu a hannu, cikin riga ruwan sararin sama, ya cire takalmi ya jera su daidai kamar zai auna. Ya durƙusa ya gaida Mama. Ta amsa da fara'a, amma idonta na kan baƙin mayafina. Ta gane. Uwa ba ta buƙatar rahoto.

Na zuba masa shayi. Na ajiye butar na miƙe, na nufi kabad.

"Auta," in ji Mama.

Na jawo katakon. Yana da nauyi, ya goge bango ya yi ƙara.

"Auta!"

Ya miƙe da sauri. "Kawo in taya ki. Gyara za a yi?"

"Gyara za a yi," na ce. "Kama can."

Da hannunsa ya taya ni jingina shi a matakala, bai san abin da yake yi ba. Na naɗe dardumar, sawun taya biyu suka fito a kan siminti, sun yi santsi saboda shekaru. Na ɗage labule.

Yaya ta gangaro a hankali, hannunta mai lafiya a kan taya, mayafina ruwan zuma a kafaɗarta, ta sa kwalli har da jan baki. Ta tsaya daidai gaban teburin gilashi. Mama ta zauna a hannun kujera.

"Wannan ce Yaya," na ce. "Babbarmu. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ka ce gida ɗaya."

Ya dubi Yaya, ya dubi katakon, ya dubi sawun tayar. Na ga lissafin na gudu a fuskarsa. Sannan ya juyo gare ni ya rage murya.

"Tana… tana jin magana?"

"Tana gabanka. Tambaye ta."

Kunya ta kama shi har kunnuwa. Ya durƙusa kamar yadda ya yi wa Mama. "Ina wuni, Yaya."

Yaya ta buɗe baki. "La…"

"Lafiya lau, madalla," ya ƙarasa mata.

Ta sake farawa. "Kai ne…"

"Ni ne, ni ne mai neman Auta."

"Malam," na ce, "a sashenmu ba ma ƙarasa wa mutum magana. Zauna ka jira."

Ya zauna. Ban taɓa ganin jira ya wahalar da mutum haka ba. Ya taɓa agogo, ya taɓa biro, ya ɗora hannu a gwiwa ya sauke. Yaya ba ta yi sauri don shi ba.

"Kai ne," ta ce, "mai cinye mini biskit."

Dariya ta kuɓuce masa, ya rufe baki, ya tura mata farantin gaba ɗaya. Ta ɗauki ɗaya ta riƙe, ba ta ci ba.

"Ranar da mutuminku ya zo," ta ce, "ina bayan labulen nan. Taga a buɗe. Matan maƙwabta na shanya. Ya yi tambayarsa da ƙarfi." Ta tsaya ta huta. Wannan karon bai motsa ba. "Na ji lokacin da aka ce babu ni."

Mama ta sunkuyar da kai.

"Ban yi fushi da Mama ba," ta ci gaba. "Tambayarku ce ba ta da kunya."

Ya juya wajen Mama a hankali. Na zaci zai kawo wata lamba. Sai ya ce, "Mama, da ta yaya ya kamata a tambaye ki?" Ya kuma yi shiru. Ya koya da wuri, zan ba shi wannan.

Mama ta daɗe tana murza bakin zanenta. "Ba komai," ta ce. "Ya wuce."

Ya jira. Ni ma na jira. Yaya ta jira.

"Da mace aka turo," in ji Mama a ƙarshe, ba ta dubi kowa ba. "Da ta shigo ta zauna. Da ta ce mini mota za a kawo, ba wai ana rubuta gidajen masu lahani ba. Da ta tambaye ni wa nake ɗagawa kullum safe, har bayana ya lalace." Ta share ido da gefen mayafi, muryarta ta dawo da ƙarfinta. "Kai kuma, tunda ka gani, ka gani. Ba gado ba ne, naƙuda ce. Amma ba zan roƙe ka ba. Na roƙi waɗansu a baya, ban ga amfaninsa ba."

Bai daɗe ba bayan haka. Ya sha shayinsa da ya huce, ya tambayi Yaya abin da take so ta koya, ya jira amsar har ƙarshenta. Da na raka shi ƙofa ya tsaya yana sa takalmi, bai dube ni ba.

"Gidaje nawa ne irin naku?"

"Ba zan gaya maka ba."

"Har yanzu?"

"Nawa gidan na ba ka, don nawa ne, kuma mai shi ta yarda. Na mutane ba nawa ba ne."

"Kin bar ni ina zuwa gidan nan ina cin biskit kamar wawa."

"Kai ma ka bar mutum tara suka tsaya a madadin unguwa guda. Kowa ya gyara nasa."

Ya tafi ba tare da barkwancin da ya saba yi a bakin mota ba. Na dawo na tarar Mama ta shige ɗaki ta rufe. Ba ta yi mini magana ba har gari ya waye. Amma katakon na nan inda muka jingina shi. Ba ta taɓa shi ba.

Da safe ina wanke kofunan jiya wayata ta yi ƙara sau biyu a jere. Na goge hannu na buɗe. Na farko ya ce:

"Na rubuta wa shugaban kwamiti cewa lambar unguwarku ba abar dogaro ba ce, kuma ina zargin ba taku kaɗai ba. Na nemi a dakatar da rabon motoci a sake ƙirga, a zaune, a cikin gida, sashenku ya tsara yadda za a yi tambayar. Sunayen ki riƙe abinki."

Na biyu ya fi gajarta:

"Na gaya wa mahaifiyata. Ta ce a dakata da maganar zuwan manya. Ban ce mata to ba, ban ce a'a ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Na tsaya a kicin ruwa na zuba a famfo. Ba zan ce muku bai yi mini zafi ba. Ya yi, har cikin haƙarƙari. Na rubuta masa: "Na farkon, Allah ya saka. Na biyun, in ka gama ƙirga zuciyarka ka turo mini lambar." Na tura kafin in yi laushi.

Na kai wa Yaya ta karanta duka biyun. Ta ɗago ta dube ni.

"Yi haƙuri, Auta."

"Kada ki soma."

"To tambaye shi," ta ce, "motar tana da wurin caja?"

Na fita na ɗauko akwatin kayan aikin Baba daga saman kabad, na zaro guduma da dogayen ƙusoshi. A ƙarƙashin matakalar akwai tsohon madogari na katako da Baba ya kafa, wanda ake ɗora bakin katakon a kai. Na durƙusa na saita ƙusa na fara bugawa. Ƙarar ta cika gidan. Na san Mama za ta fito, ta kuwa fito, ɗankwali a karkace, ido a kumbure.

"Me kike yi mini a falo?"

Na miƙa mata wayar. Ta karanta a hankali, leɓunanta na motsi, na farko sannan na biyu. Ta ajiye ta a kan tebur.

"Na gaya miki," ta ce.

"Kin gaya mini."

"Ga shi kin gani."

"Na gani, Mama. Kuma katakon nan ya gama zuwa bayan kabad. Ko shi, ko wani, ko babu kowa."

Ta tsaya a kaina tana kallo. Na buga, ƙusar ta lanƙwashe. Na zare na sa wata, ita ma ta karkace.

"Ji aikin banza," in ji Mama. "Boko ya cinye miki hannu. Matsa. Miƙo gudumar."

Ta tattare zane ta durƙusa da bayan nan nata mai ciwo. Bugu uku ƙusa ta shige. Ta miƙo hannu ba ta dube ni ba, na sa mata wata. Yaya ta turo kekenta har bakin matakala tana ba da umarni daga sama, wai a matsa hagu, wai Baba ba haka yake riƙe guduma ba.

Saura ƙusa ɗaya muka ji mota ta tsaya a waje. Aka yi sallama, muryar mace, dattijuwa, wadda ban taɓa ji ba. Na leƙa ta taga. Doguwa ce, cikin farin mayafi, jaka a hannu, ita kaɗai. Hancin nan da goshin nan ba sa buƙatar gabatarwa, kullum ina ganinsu a hawa na sama.

"Mahaifiyarsa ce," na ce.

Idon Mama ya tafi kan labule, ya tafi kan dardumar da ke naɗe a gefe. Na ga hannunta ya motsa don sabo. Sannan ta dubi Yaya, wadda ke zaune a saman katakon da mayafina ruwan zuma da ta ƙi mayar mini.

Mama ba ta tashi ba. Ta karɓi ƙusar ƙarshe daga hannuna, ta saita ta, ta ɗaga guduma.

"Buɗe mata," ta ce. "Ki ce ta shigo, dukanmu muna gida."